Makauniyar Mujiya: littafin ne ya rikice ko kaina ne?

Auta:
Assalamu alaikum. Ƙorafi na kawo, kuma a kan Malam Habu zan sauke shi. Shi ya ce mana duk mai son ɗanɗana ƙagaggun labaran Iran na zamani ya fara da Bufe Kur na Sadik Hidayat, wato Makauniyar Mujiya. Na samo fassarar Turanci, ɗan siririn littafi, na ce kwana biyu ya ishe ni. Yau mako na uku ke nan. Na kai ƙarshe, na koma farko, har yanzu ban san wa ya mutu ba, ban ma tabbata an yi kisan ba.

Mutum ne yana zaune shi kaɗai a ɗaki a bayan gari, sana'arsa zane a kan akwatin alƙalami, kuma kullum zane ɗaya hannunsa ke yi: tsoho ya tsuguna a gindin bishiya, ga rafi, ga budurwa a ɗaya gefen tana miƙo masa fure. Wata rana ya taka kujera zai ɗauko kwalba, ya leƙa wata 'yar kafa a bango, sai ga zanen nasa a zahiri. Da ya sake dubawa, bango sumul, babu kafa. Can yarinyar ta zo ƙofarsa, ta shiga ta kwanta a gadonsa, ya duba ya ga ta mutu, ya yayyanka ta ya zuba a akwati ya kai ya binne. Har nan ina biye. Sai a kashi na biyu a ce ga shi kwance ba lafiya a wani zamani daban, yana da matar da ba ta yarda ya kusance ta, ya kashe ta, ya dubi madubi ya ga ya koma tsohon nan. Baffansa tsohon ne, mai karusar gawa tsohon ne, mai kayan koli a bakin hanya tsohon ne, dariyarsu duk iri ɗaya. Malam, littafin ne ya rikice ko kaina ne?

Maman Ihsan:
Wa'alaikumus salam. Auta, sannu da wahala. Ni da zan saki irin wannan wa masu karatuna, kafin la'asar sun nemi a mayar musu da kuɗinsu.

Malam Habu:
Na karɓi laifina, Auta. Amma kanka lafiya lau, ka ma ba da labarin fiye da yadda wasu ɗaliban Tehran za su ba da shi. Abin da ya ɗaure ka shi ne ka shiga neman wa ya yi, yaushe, don me. Littafin ba a kan wannan igiyar aka saƙa shi ba. Mai ba da labarin ya faɗa da bakinsa cewa inuwarsa da ke jikin bango yake rubuta wa, kuma inuwar ce ta yi kama da mujiya. Ga shi mashayin ofiyom. To mutumin da ya gaya maka haka, me zai sa ka riƙe shi da lissafin kwanaki?

Ka san yadda littafin ya fito ma? Hidayat ya tafi Indiya a 1936, yana koyon tsohon Farisanci na Fahlawi a wurin wani malamin Zartushtawa, mabiya tsohon addinin Iran, a Bombay. A can ya rubuta shi da hannunsa a takardar sitensil, aka gurza kwafi 50, ya rubuta a kai cewa ba na sayarwa ko bugawa a Iran ba ne. Zamanin sarkin Iran Riza Shah ne, bakin kowa a ɗinke. Sai da sojojin Birtaniya da na Sobiyet suka shiga ƙasar a 1941 suka sa Riza Shah ya sauka, sannan jaridar Iran ta fara buga shi kashi-kashi.

Baban Khalifa:
Malam Habu, da girmanka, amma ni ban ga abin yabo ba. Yaro ya je Turai karatu, bai gama ba, ya dawo da ciwon Turawa a ka. Ba shi ne ya fassara Kafka, marubucin nan na Turai, ba? Mutanen da suke da Sa'adi da Hafiz da Maulana Rumi, me ya kai su kwaikwayon mafarkin mashaya? Kuma kada mu rufa wa juna: mutumin nan yana da rubuce-rubucen da ya ci zarafin Larabawa da malaman addini a cikinsu. Ƙarshensa kuma kowa ya sani. Ni ba zan miƙa wa ɗana wannan littafin ba.

Malam Habu:
Alhaji, abin da ka faɗa game da ra'ayinsa gaskiya ne, ba zan shafa masa mai ba. Yana cikin 'yan bokon zamaninsa da suka ɗauka duk ɗaukakar Iran tana kafin Musulunci, kuma ya rubuta abubuwan da ni kaina ba na iya karanta su ba tare da raina ya ɓaci ba. Ya kashe kansa a Paris a watan Afrilun 1951, kabarinsa na can. Wannan duk haka ne.

Inda ban bi ka ba shi ne maganar kwaikwayo. Fassarar Kafka da ya yi da sharhinsa a kansa duk a shekarun 1940 suka zo, bayan Mujiya. Sannan dubi kayan da ya gina littafin da su. Tsoho da budurwa da doguwar bishiyar nan da suke kira sarw da kwalbar giya, ai su ne kayan waƙoƙin Hafiz ɗin da ka ambata, su ne kuma ake zanawa a akwatunan alƙalami na zamanin sarakunan Kajar. Ya ɗauko su ne ya juya su ciki waje: masoyiyar da mawaƙa suke bege ta zama gawa, dattijon da ke shiryar da almajiri ya zama ƙazamin tsoho mai dariyar da ke sa tsigar jiki tashi. Bature ba zai san inda zai soki wannan al'adar haka ba. Sai ɗan gida.

Ɗan Damagaram:
Ni da Faransanci na karanta, fassarar Roger Lescot ta 1953. Abin da ya ba ni dariya, André Breton, jagoran masu rubutun mafarki a Faransa, ya yabe shi ƙwarai, kamar ya tsinci ɗan gidansu. Ta Turanci ta biyo a 1957. To ina tambaya: da Paris ba ta tafa ba, da Tehran ta ɗauke shi da wannan girman?

Dakta Larai:
Ɗan Damagaram, ka taɓo wurin. Amma kafin Paris, a gida an riga an yi ta ja-in-ja a kansa, kuma ba da malaman addini aka fara ba. Da 'yan gurguzu aka fara. A shekarun 1940 jam'iyyar Tude ce ke riƙe da yawancin matasan marubuta, kuma ma'auninsu ɗaya ne: me littafi ya tsinana wa talaka? A wurinsu Mujiya littafin yanke ƙauna ne, ba ya tura kowa fagen gwagwarmaya. Da Hidayat ya fitar da Haji Aga a 1945, labarin wani attajiri marowaci munafuki, miƙaƙƙen zambo da kowa zai gane, sai suka ce yauwa, yanzu ya dawo hanya. Yau fa? Haji Aga na nan ana karantawa, amma ba shi ake rubuta kundayen digiri a kansa kamar Mujiya ba.

Daga baya wasu suka ɓullo da wata kariyar: ai duhun da ke cikin littafin duhun mulkin Riza Shah ne, saboda haka shi ma littafin siyasa ne a ɓoye. Ni wannan kariyar ba ta gamsar da ni. Kamar a ce ba za a bar littafi ya shiga gari ba sai ya nuna katin jam'iyya. Bayan mutuwarsa kuma sai ga hukunci na uku, wanda ya fi duka yaɗuwa: wai duk wanda ya karanta shi zai kashe kansa. Iyaye suka riƙa ɓoye wa 'ya'yansu. Kun san abin da ke biyo bayan an ce wa matashi kada ya taɓa abu.

Malam Habu:
Dakta ta tuna mini. Lokacin da nake Tehran, akwai titin Inƙilab, gaban jami'a, shagunan littattafai a jere, a bakin hanya kuma masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa. Na tsuguna gaban wani dattijo na tambayi Bufe Kur. Ya dube ni sama da ƙasa, baƙin mutum da Farisancin aji, ya ce wanda aka tace nake so ko cikakke? Na ce cikakke. Ya ɗaga wani kwali a bayansa ya zaro kwafi mai ɓawon toka, rubutun ya ɗan dushe saboda hoton tsohon bugu aka ɗauka aka sake gurzawa. Yana miƙo mini yana cewa kada in karanta da dare ni kaɗai. Na ce shi ya karanta? Ya yi dariya ya ce shi sayarwa yake yi.

Maman Ihsan:
To kun ji! Shi mai sayarwar ma bai karanta ba. Wannan ita ce maganata. Akwai littafin da ake saye, akwai wanda ake karantawa. Wani ana ajiye shi ne a kanta don baƙo ya gani ya ce gidan 'yan boko ne.

Baban Khalifa:
Allah ya yi miki albarka, 'yata.

Dakta Larai:
Maman Ihsan, zan dawo kanki, don akwai littafin da na tanadar miki. Bari in ɗan koma baya, saboda Alhaji ya yi maganar Sa'adi da Hafiz kamar zaɓi biyu ne kawai, ko tsohuwar waƙa ko haukan Turai. Sabon zube a Farisanci da neman sauƙi ya fara. A 1921 Muhammad Ali Jamalzade ya buga tarin gajerun labarai a Balin, Yeki Bud Yeki Nabud. Sunan ma mabuɗin tatsuniyarsu ne, kamar a ce "ga ta nan ga ta nanku". A labarin farko an kulle mutane a ɗaki ɗaya a tashar jirgin ruwa ta Anzali: wani shehi, wani ɗan gayu da ya dawo daga Faransa, da wani yaron gidan shayi mai suna Ramadan. Yaron ya tsorata yana son a gaya masa laifinsa. Ya je wurin shehi, shehi ya zubo masa Larabci. Ya je wurin ɗan gayu, ya zubo masa Faransanci. Ya ɗauka da mahaukata aka haɗa shi, ya fara ihu a fitar da shi. Sai da mai ba da labarin ya yi masa magana da Farisancin gida sannan hankalinsa ya kwanta.

Wannan littafin babu sarƙaƙiya ko ɗaya a cikinsa, amma ya tayar da ƙura a Tehran, malamai suka yi masa ca saboda yadda ya zana su, har marubucin ya yi kusan shekara ashirin bai sake fitar da ƙagaggen labari ba. Saboda haka a daina cewa wahalar salo ce ke jawo wa littafi faɗa. Mai sauƙin ma ya sha.

Auta:
Wallahi labarin Ramadan ɗin nan kamar a wani taron da na je. Mai jawabi na farko rabi Larabci, na biyu rabi Turanci, tsohuwar da ke kusa da ni ta ce yaushe za a fara Hausa.

Ɗan Damagaram:
Mu nan sai ka ƙara da Faransanci, ya zama uku.

Malam Habu:
Bayan Hidayat abin ya yi rassa, kuma kowane reshe da irin dukan da ya sha. Bahram Sadiki ya fitar da Malakut a 1961. Jimlar farko kawai ta sanar da kai cewa ƙarfe goma sha ɗaya na daren Laraba aljani ya shiga jikin wani bawan Allah, abokansa suka kwashe shi sai gidan likita. Yadda ake karanta sanarwa a rediyo haka ya faɗe ta, ba ɗaga murya. Likitan kuma shi ne abin tsoron. Auta, wannan zai fi maka daɗi, mu da muka saba da labarin aljanu.

Sadik Cubak kuma a 1966 ya fitar da Sange Sabur, Dutsen Haƙuri. Mutanen gidan haya ɗaya ne a Shiraz, wata mata a cikinsu ta ɓace. Babu mai ba da labari daga sama. Kowa zancen zucinsa ake jiyowa da karin harshensa: malamin makaranta, tsohuwa da ke kwance tana ruɓewa da rai, har ɗan ƙaramin yaron matar da ta ɓace. Masu sharhi da yawa suka ce ƙazanta ce da batsa, wai ya kwaso maganar kwararo ya zuba a littafi. Manazarci Riza Barahini ne ya tsaya masa, ya ba shi babban wuri a littafinsa na nazarin ƙagaggen labari.

Amma wanda ya mayar da salo addininsa, in an yarda in faɗi haka, Hushang Gulshiri ne na Isfahan. Shi da abokansa ne suka kafa mujallar Junge Isfahan a tsakiyar shekarun 1960, nesa da hayaniyar Tehran, suna fassara sababbin marubutan Faransa da Borges na Ajantina, suna karanta wa juna rubutu suna feɗe shi jimla-jimla. Littafinsa Shazde Ihtijab, Yarima Ihtijab, dare ɗaya ne tak. Jikan gidan sarautar Kajar yana zaune a kujera, tarin fuka na cinsa, yana kallon hotunan kakanninsa a bango, hotunan suna saukowa suna magana. Kakansa ya kashe mutane kamar kiyashi, shi ko bai gaji komai ba sai tarin da kayan gidan da yake sayarwa. Matarsa Fakhrunnisa ta mutu, sai ya tilasta wa kuyangarta Fakhri ta sa kayanta, ta yi kwalliyarta, ta amsa sunanta. Ana cikin jimla ɗaya "ni" ɗin zai sauya daga bakin Yarima zuwa na Fakhri, ita ma ba ta san ko ita ce ko uwargijiyarta ba. In ka ce a miƙe wannan labarin daga haihuwa zuwa mutuwa, ka kashe shi, domin ruɗewar sunan ita ce zaluncin da ake nuna maka. An yi fim ɗinsa a 1974, Bahman Farmanara ya shirya, ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Tehran.

Baban Khalifa:
To in zalunci yake son nunawa, ya fito ya ce sarki azzalumi ne mana. Kewaye-kewayen na mene ne?

Malam Habu:
Alhaji, abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Akwai SAVAK a lokacin, 'yan sandan ciki na Shah, sarkin Iran. Gulshiri ya sha ɗauri a zamanin Shah, marubuci Gulam Husain Sa'idi ma ya sha, har da azaba. Ka zagi Kajar da suka shuɗe, mai karatu ya san da wa kake.

Dakta Larai:
A nan zan ɗan saɓa wa Malam. Gaskiya ne tacewa ta koya wa marubutan Iran zaurance, ta kuma koya wa masu karatu neman ma'ana a ƙarƙashin kowane dutse. Amma in muka ce tsoro ne kaɗai ya haifi salon, mun rage musu. Gulshiri ya yi imani da gaske cewa ba a sanin mutum kai tsaye, sai ta gutsattsarin abin da wasu suka tuna game da shi. Ko ba SAVAK haka zai rubuta. Kuma ya sha suka daga 'yan uwansa masu adawa da Shah ɗin, waɗanda ke ganin wasa da salo a lokacin da ake ɗaure mutane wani nau'in gudun fage ne. Kalmar da ta cika bakin kowa a lokacin ita ce adabi mai alƙawari, wato wanda ya ɗau nauyin al'umma. Ga kuma Jalal Ale Ahmad da littafinsa Garbzadegi na 1962, wanda ya kira rungumar Yamma cuta kamar annoba. Maganar Alhaji ta "ciwon Turawa" ai a Tehran aka riga shi faɗinta. Abin mamakin, shi Ale Ahmad ɗin yana cikin na farko da suka rubuta sharhi mai nauyi a kan Mujiya bayan mutuwar Hidayat.

Matarsa kuma, Simin Danishwar, ita ta fitar da Sawushun a 1969, kusan lokaci guda da Yarima. Shiraz a lokacin yaƙin duniya na biyu, sojojin Birtaniya na saye hatsi, yunwa na kashe mutane, wani mai gonaki ya ƙi sayar musu, ana kallon komai ta idon matarsa Zari. Labari miƙaƙƙe, kuma ya zama ɗaya daga littattafan da suka fi kasuwa a tarihin ƙasar. Masu karatu sun ga juyin mulkin 1953 da ya kifar da firaminista Musaddik a cikin kisan mijin, ba tare da an karya musu jimla ko ɗaya ba.

Maman Ihsan:
Mace ta rubuta abin da mutane suka gane, suka saya. Ban ce komai ba.

Dakta Larai:
Ga naki yanzu. A 1995 wata mata, Fattane Haj Sayyid Jawadi, wadda ba ta cikin kowace da'irar marubuta, ta fitar da Bamdade Khumar. Ma'anarsa wayewar garin mai maye, lokacin da giya ta sake shi ciwon kai ya kama. 'Yar masu kuɗi ta ƙyalla ido a kan yaron kafinta, ta bijire wa iyayenta ta aure shi, ta sha wuya a hannunsa da na uwarsa, ta dawo gida da nadama. Da ta tsufa take ba 'yar ɗan'uwanta labarin don kada ta maimaita. An sake buga shi sau da dama ƙwarai, har Jamusanci aka fassara shi. Manazarta suka yi masa rubdugu: ba adabi ba ne, na kasuwa ne, yana koya wa 'yan mata cewa talaka ba abin aure ba ne. Har wani littafin aka rubuta a matsayin martani, aka ba da labarin daga bakin kafintan.

Maman Ihsan:
Anti, ki rantse ba a Kano aka rubuta wannan ba! Ai shi ne abin da aka yi wa iyayenmu mata a shekarun 1990, aka laƙaba wa littattafansu "adabin kasuwar Kano", malaman jami'a na ta musu a jaridu ko adabi ne ko shara. Ashe ko'ina haka manazarta suke. In mata sun karanta abu da yawa, to ba adabi ba ne.

Dakta Larai:
Akwai gaskiya a nan, kuma ni ma malamar jami'ar ce, na karɓi rabona. Amma kada ki raba shi gida biyu, maza masu wahalar salo, mata masu sauƙi. Shahrnush Parsipur tana da Zanan Bedune Mardan, Mata Ba Maza, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1980. Mata biyar ne suka haɗu a wani lambu a Karaj. Ɗaya ta dasa ƙafafunta a ƙasa ta zama bishiya, ɗaya ta mutu ta tashi, ɗaya karuwa ce da ta wayi gari tana ganin maza ba kawuna. An haramta littafin, an tsare marubuciyar. Kuma ba don mace ta zama bishiya ba, don ta yi maganar budurci a fili. Daga baya ta bar ƙasar zuwa Amurka.

Kuma ita da wasu sun koma kan Mujiya da kansu da tambayar da manazarta maza suka daɗe ba su yi ba: me ya sa mace a littafin nan iri biyu ce kawai, ko mala'ikar da ba ta magana ko wadda ake kira da sunan banza, kuma duk biyun wuƙa ce ƙarshensu? Ni a wurina wannan ce suka mafi nauyi da aka yi wa littafin, ta fi ta 'yan gurguzu, ta fi ta masu cewa yana kashe matasa. Abbas Ma'arufi ma ya rubuta littafi sukutum inda yarinyar da ke jikin akwatin alƙalamin ta buɗe baki ta ba da nata labarin.

Ɗan Damagaram:
Ma'arufin nan shi ne mai Samfoniye Murdegan? Na ji ana kwatanta shi da Faulkner, marubucin nan na Amurka.

Malam Habu:
Shi ne, 1989. Kuma shi ne amsata ga Maman Ihsan. An tsara shi kamar kiɗa mai kashi-kashi, lokaci na gaba na baya, masu magana na sauyawa. Gidan wani ɗan kasuwa ne a Ardabil, ɗa ɗaya mawaƙi, uban ya ƙona masa littattafai da rubuce-rubucensa, ƙanensa mai son dukiya ya bi shi da sharri, labarin Habila da Ƙabila a cikin dusar ƙanƙara. Wasu manazarta sun ce ya jingina da Faulkner fiye da kima. Masu karatu ba su damu ba, an yi ta sake buga shi, na ga ɗalibai da ba na adabi ba suna karɓa-karɓa da kwafi ɗaya har ya yage. Mutane na jure karyayyen salo in akwai ciwon da suka sani a ciki. Wane gida ne ba a san uban da ya raina abin da ɗansa ke so ba? Shi Ma'arufin ma dai bai tsira ba, an rufe mujallarsa Gardun, ya koma Jamus a 1996, a Balin ya rasu a 2022.

Maman Ihsan:
To ai ka dawo wurina, Malam. Ciwon ne ya sayar da shi, ba karyayyen salon ba.

Malam Habu:
Ko kuma salon ne ya sa ciwon ya shiga inda miƙaƙƙen labari ba zai kai ba. Ba a raba su kamar ƙwai da ɓawo.

Dakta Larai:
Ku biyun ku nemi Zoya Pirzad. Littafinta na 2001, wanda sunansa ke nufin ni zan kashe fitilu, matar aure ce Ba'armeniya a Abadan, girki, yara, sabon maƙwabci. Harshe mai sauƙi kamar ruwa. Ya yi kasuwa sosai, kuma ya ci kyautar da aka sa wa sunan Gulshiri, mutumin da ya rasu a 2000 bayan ya shafe shekaru yana tara matasa yana koya musu tsanantawa a salo. Almajiransa ba duka suka ji daɗi ba, na tabbata.

Baban Khalifa:
Na ji duk bayananku, na kuma ƙaru, musamman labarin yaron gidan shayi. Amma ina nan a kan bakana game da na farkon. Littafin da mai sayar da shi ke cewa kada a karanta da dare, ni da rana ma na yafe.

Auta:
Malam Habu, jiya bayan isha'i na sake ɗaukarsa, na bar neman wa ya kashe wa, na sa biro ina yi wa duk abin da ya maimaitu alama. Wata biyu da kwana huɗu. Shekara biyu da wata huɗu. Kuɗin nan, ƙiran biyu da abbasi ɗaya, ya fito a wurin mai haƙa kabari, wani mai kama da shi ya sake fitowa can gaba. Furen nan shuɗi yana ko'ina. Gidaje masu siffar da ba a zama a cikinsu, duk hanyar da ya bi su ne. Sai na ji kamar amshin waƙa ne, mawaƙi ya yi nisa ya dawo kansa, kowace dawowa kuma da ɗan abin da ya canja. Ban ce na gane ba. Amma na kai ƙarfe ɗaya ban sani ba, kuma da na tashi kashe fitila ban yarda na dubi bango ba.

Tambaya ɗaya: tulun nan na tsohon birnin Rayy da tsohon ya tono ya ba shi, mai hoton fuskar yarinyar, wanda aka zana ɗaruruwan shekaru kafin a haife shi. Shi ne ya zana a wata rayuwar, ko wani ne daban mai irin ciwonsa?

Malam Habu:
A kan wannan tulun an cika shafuka a Tehran. Shi mai labarin ya ɗauka wani mai zane ne irinsa da ya riga shi shan wannan azabar, har ya ji sanyi a ransa cewa ba shi kaɗai ba ne. Ka duba ƙarshen littafin kuma ka ga wa ya gudu da tulun.

Maman Ihsan:
Ku dai ku yi ta tonon tulu. Anti Larai, na kafintan nan, akwai shi da Turanci ko Larabci? Ina son in ga yadda ta yi da uwar mijin.